"Kai mi ka sa a lamba uku?" Yadda za ku gwada amsoshi bayan jarrabawar karatu da ma'anar kalmomi

Duk shekara in lokacin BEPC, jarrabawar gama koleji, ya zo, wajen Yuni zuwa Yuli lokacin da zafi bai gama sakin Damagaram ba hadari kuma ya fara haɗuwa, nakan je in tsaya ƙofar lakwal ɗin da aka kai ɗalibaina don in ga fitowarsu. Abin da nake gani bai taɓa sakewa ba. Ana buɗe ƙofa, yaro ko bik bai sa aljihu ba ya riƙo rigar ɗan uwansa, "kai mi ka sa a lamba uku?" Kafin minti biyar an yi gungu-gungu a inuwar bedi, wannan na rantsuwa wancan na buga ƙafa, ƴan kabu-kabu na kira ba mai jin su, mai ruwan leda ma sai ta ja hannun mutum kafin ya tuna yana jin ƙishirwa.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan wani abu ne da ya faru gabana ranar jarrabawar gwaji, wadda muke ce ma egizame bulan. Wata yarinya cikin waɗanda nake koya ma Faransanci da yamma ta fito da fara'arta, samari biyar suka tare ta da tambayar vrai ou faux. Jimlar da ke cikin rubutun kusan haka take: "Le paysan n'a récolté que dix bottes de mil." Tambayar kuma ta ce manomin bai girbe komi ba, gaskiya ko ƙarya? Su biyar ɗin duk sun sa gaskiya don sun ga "n'a" sun ɗauka korewa ce. Ita ta sa ƙarya. Suka yi mata caa, biyar da ɗaya, ta koma gindin katanga ta zauna, dambun da innarta ta ƙulla mata a leda ko buɗe shi ba ta yi ba, da yamma ta shiga lissafi idonta jajur ta kasa komi. Alhali ita ce da gaskiya, "ne... que" ma'anarsa kawai, dami goma kaɗai manomin ya samu amma dai ya samu. Da na nuna mata washegari sai ta ce "Mushe (haka ɗalibai ke kiran malami), ai sun fi ni yawa." Wannan magana ta tsaya mini a rai har yau.

Ni ban hana kowa gwada amsa ba, hana shi ma ba zai yiwu ba, kuma in an yi shi yadda ya kamata ba darasin da ya kai shi shiga kai. Sai dai yana da hanya, kuma hanyar tana farawa tun kana cikin sal, wato ɗakin jarrabawa.

Tun kafin ka miƙa takarda

Rabin gardamar da ake yi a ƙofa a kan abin da mutum yake zaton ya rubuta ne. Yaro ya rubuta abu, ya soke, ya sake wani, in ya fito sai na farkon ya fi zama mishi a kai. Don haka in ka gama kuma da sauran lokaci, ka ware minti biyar na ƙarshe ka kwafe amsoshinka a gajarce a buruyo, takardar da kake gwada rubutu a kai: lamba ɗaya kaza, lamba biyu ƙarya layi na bakwai, lamba uku kalma kaza. Ba sai ka kwafe jimla duka ba. In ana bari a fita da takardar tambayoyi da buruyo ka ninke su ka sa a jaka, in surbeyan, mai tsaron jarrabawa, ya ce a bar su ka bar su, kada ka ɓoye, wata takarda ba ta kai a rubuta sunanka cikin masu maguɗi ba. In kuma lokaci ya ƙure maka to ka manta da wannan mataki, sake karanta abin da ka rubuta ya fi shi muhimmanci nesa ba kusa ba.

A ƙofa

Nan ne nake da tsanani. In akwai wata jarrabawa da ta rage, ko da yamma ko gobe, kada ka gwada amsa da kowa, ko da babban amininka ne. Abin da ka rubuta ka rubuta, bakin alƙalami ya bushe, ba abin da za ka ji a ƙofar nan da zai ƙara maka rabin maki, amma akwai abin da za ka ji ya rage maka maki a takardar da ba ka ko shiga ba tukuna. Ka shirya amsarka tun daga gida don kada kunya ta kama ka: "Wallahi sai mun gama duka, ranar kaza mu haɗu." Ka faɗa da fara'a ka wuce. Ka sha ruwa, ka ci abin da ka zo da shi, ka yi azahar, ka nemi inuwa nesa da gungun, in gidanku ba nisa ka je ka watsa ruwa ka dawo.

Iyaye da yayye ku ma da ku nake. Yaro ya shigo gida a gajiye, "ya jarrabawa?" "alhamdu lillahi", to a tsaya nan. Na san gidan da babban wa ɗan jami'a yake karɓar takardar tambayoyi tun a zaure ya hau gyara da jan bik, niyyarsa mai kyau ce amma lokacin ne bai yi ba.

Zaman gwadawa: yaushe, ina, da wa

In an gama duka, ku bar kwana ɗaya ya wuce ku yi barci, sannan ku haɗu. Kada ku wuce kwana biyu ko uku don rubutun zai fara gushewa daga kai. In jarrabawar gwaji ce ko ta ƙarshen wata, ku yi zaman kafin Mushe ya kawo gyara cikin kilas, ta haka za ku shiga da tambayoyinku a hannu maimakon ku zauna kuna kwafe allo kawai.

Mutum uku zuwa biyar sun isa. In aka wuce haka ya zama taron gardama, mai babbar murya shi ke cin nasara. Kuma fada ba wurin wannan aiki ba ne, ina son shayin fada kamar kowa amma ga kiɗa ga karta ga mai wucewa da zai tsoma baki, ku nemi zaure ko tsakar gida ko kilas da ba kowa, ƴan mata su ma su yi nasu a gidan ɗaya daga cikinsu. Ku haɗa da wanda ya fi ku da wanda kuka fi, kada gwanaye su ware kansu. Kayan aiki: takardar tambayoyi, in ɗaya ce ku yi fotokopi kowa ya samu tasa, buruyon kowa, ƙamus ko da tsohon Larousse ne da bangonsa ya cire, bik kala biyu, da kaye.

Sai doka ta farko, wadda in kuka karya ta zaman ya lalace: kafin kowa ya buɗe baki, kowa ya rubuta amsoshinsa a takarda ya ajiye a tsakiyar tabarma. Domi? Don in gwanin aji ya fara cewa "ni B na sa", nan take za ka ga mutum biyu sun ce su ma B suka sa, kuma ba ƙarya suke da gangan ba, zuciya ce ke bin mai ƙarfi. In an rubuta an ajiye ba mai komawa.

Ku sake karanta rubutun, ku maida shi Hausa

Kada ku yi tsalle zuwa tambayoyi. Ku sa ma layuka lamba, biyar, goma, sha biyar, a gefen takarda. Mutum ɗaya ya karanta da ƙarfi a hankali, saura na bi da yatsa. Sannan a kife takardar, kowa ya faɗi da Hausa, cikin jimla biyu ko uku, mi rubutun nan yake cewa, wa ke magana, da wa, mi ya faru, marubucin yana goyon baya ne ko yana suka.

Wasu na jin kunyar wannan, wai jarrabawar Faransanci ce mi ya kawo Hausa. Ni kuwa nan nake gane wanda ya fahimta da wanda ya haddace. Yaro na iya maimaita jimlar Faransanci tsaf bai san abin da ta ƙunsa ba, amma ba ya iya maida ta Hausa sai ya gane ta. Kuma ba abin kunya ba ne, tun 2025 kundin sake gina ƙasa ya ce Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki ne. Mu da Hausa muke tunani, a gida da ita muka tashi, a Kasuwar Dole da ita ake ciniki, Faransanci sai a kilas. Sau da yawa a wannan mataki kaɗai za ku gano inda aka rabu: ɗaya ya ɗauka mai ba da labarin shi ne uban, ɗaya ya gane ɗan ne, daga nan duk amsoshinsu suka bi hanya biyu.

Tambaya bayan tambaya: "nuna mini layin"

Wannan ita ce zuciyar abin. Duk wanda ya ce amsarsa ce daidai, ba a tambayarsa mutum nawa suka sa irin tasa, ba a tambayarsa na nawa ya zo a kilas, ana ce mishi nuna mini layin. Rubutun shi ne alƙali. Ana cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, wannan a noman gayya ne, a jarrabawar karatu bai aiki, don masu tsara tambaya da gangan suke saka amsar da za ta ja mafi yawan masu gaggawa. Kuma mu faɗa ma juna gaskiya: binciken PASEC da aka yi ma ƴan firamare a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, a 2014 da 2019, da Nijar a ciki, duka biyun sun nuna mafi yawan yaranmu na gama firamare ba su kai matakin da ake so ba wajen fahimtar abin da suka karanta. Ba laifin yaran ba ne, da harshen da ba a yi a gida ake koya musu. Amma hakan na nufin yawan masu amsa ɗaya a ƙofar lakwal ba hujja ba ne ko kaɗan.

Ku fara da karanta tambayar kanta sau biyu, ku ja layi ƙarƙashin abin da ta ce a yi. "Relevez" na nufin ka ɗauko daga rubutun yadda yake, kalma da kalma. "Expliquez" ko "avec vos propres mots" na nufin ka faɗa da naka kalmomin, in ka kwafe ka yi asara ko da layin daidai ne. "Justifiez" na nufin ka kawo hujja, wanda ya sa vrai ko faux kawai ya tsaya, ko ya dace rabin aikin ya yi, sau da yawa ma ba a ba shi komi. Ku duba wannan tun kafin ku shiga gardamar ma'ana, don akwai mutum biyu da za su yi ta musu alhali amsarsu ɗaya ce, bambancin shi ne ɗaya ya bi umarni ɗaya bai bi ba.

Sannan ƙananan kalmomin nan da ido ke tsallakewa, su ne ke kada mutane. "Ne... que" mun gan shi. Akwai "ne... plus", abin ya kasance da, yanzu ya daina, ba daidai yake da "ne... jamais" ba. Rubutu ya ce "certains", wasu, tambaya ta ce "tous", duka. Rubutu ya ce "souvent", tambaya ta ce "toujours". Ko "pourtant" da "cependant" da "mais", in ka gan su ka san maganar da ta gabata za a juya ta, ra'ayin marubucin yana cikin abin da ya biyo bayansu, ba abin da ya zo kafin su ba. Sai wakilin suna, "il", "lui", "celui-ci", "dont": ku ɗauki bik ku ja kibiya daga kalmar zuwa wanda take nufi, za ku sha mamakin yadda mutum huɗu ke jan kibiya wuri uku.

Akwai kuma tarkon da ya fi cin masu wayo, wato amsa da abin da ka sani maimakon abin da aka rubuta. In rubutun na magana a kan ƙarancin ruwa, ɗan Damagaram da ya tashi yana ganin layin jarka a famfo yana da dalilai goma a kansa, duk gaskiya ne, amma in marubucin dalili biyu ya kawo to biyun nan ake tambaya. In wani ya ce "ai kowa ya san haka ne", ku ce mishi mun yarda, nuna mana layin.

In tambayar ta zaɓi ce, A, B, C, D, kada ku tsaya a gano daidai, ku bi ukun da suka rage ku faɗi abin da ya kashe kowace. Kuma wanda ya dace da canke ya faɗa. In zaɓi huɗu ne, mai rufe ido ya caka yana da damar ɗaya cikin huɗu, a vrai ou faux kuwa ɗaya cikin biyu, don haka amsa daidai ba kullum take nuna an gane ba. Wadda ka canka ka dace, ka sa mata alama kamar wadda ka faɗi.

Ma'anar kalmomi

Nan gardama ta fi zafi, kuma nan aka fi ƙaruwa. Abin da nake fara tuna ma yara shi ne su dubi Hausarsu. In na ce "ci", mi nake nufi? Ya ci tuwo, ya ci jarrabawa, ya ci bashi, ya ci amana, kasuwa na ci, wuta ta ci rumbu. Ba Bahaushen da ke ruɗewa, don yana jin abin da ke kewaye da kalmar. "Fari" ma haka, farin zane daban, farin da ke hana damina daban. To Faransanci haka yake. "Vol" sata ne, kuma tashin tsuntsu ko jirgi ne. "Avocat" lauya ne, kuma ɗan itacen nan ne da ake ci. "Louer" na iya zama ba da haya, ko karɓar haya, ko yabo. Wata kalmar ma wurin zamanta ke sake ta: "sa propre chemise" rigarsa ta kansa, "sa chemise propre" rigarsa mai tsabta, "un ancien élève" wanda ya taɓa zama ɗalibi, ba ɗalibi mai yawan shekaru ba. Tambayar ba ta ce mi kalmar ke nufi a duniya ba, ta ce mi take nufi a wannan layi.

Ga yadda za ku yanke hukunci. Ku rubuta jimlar da kalmar take ciki, ku bar gurbinta fili, sannan kowa ya saka tasa amsar a gurbin a karanta da ƙarfi. Wadda ta zauna daram ba ta sake ma'anar ba, ita ce. Wadda ta sa jimlar ta yi ɗingishi ta fita. Bayan haka ku duba nau'in kalmar: in aikatau aka ba ku, aikatau za ku maido, in suna suna, in sifa sifa. Yaro ya gane ma'ana sarai, an tambaye shi makwafin "rapidement", wato kalma mai ma'ana ɗaya da ita, ya rubuta "vitesse", ma'ana ta yi kusa amma ɗaya bayanau ne ɗaya suna, "vite" ake so. Ku duba lokaci da jinsi da adadi ma, in kalmar mace ce jam'i, amsar ta zo a mace jam'i.

Ku bambanta abubuwa ukun da ake yawan cakuɗawa cikin gaggawa: "synonyme" mai ma'ana ɗaya, "antonyme" ko "contraire" kishiya, "mot de la même famille" kalmar da suka fito tushe ɗaya, kamar "terre" da "terrain" da "enterrer". Na sha ganin takardar da amsar ta yi kyau ƙwarai, sai dai kishiya aka tambaya aka ba da makwafi. Kuma ɗafa-goshin "in" ko "im" ba kullum yake kore ma'ana ba, "inutile" marar amfani ne, amma "inflammable" abin da ke saurin kama wuta ne, shi ya sa ake rubuta shi jikin tankar mai.

Ƙamus sai a ƙarshe, bayan kowa ya kare amsarsa. In kun buɗe kada ku tsaya a ma'ana ta ɗaya, ku karanta har ƙasa da misalan, sau da yawa wadda ake nema ita ce ta uku. Fassarar waya kuwa, in za ku yi amfani da ita ku saka jimlar duka, in kuka saka kalma ɗaya tilo za ta ba ku ma'anar da ta fi yawo ne kawai.

Takardar Ingilishi tana da nata ramin na musamman gare mu da muka fara da Faransanci, kalmomi masu kama da juna da ma'ana daban. "Actually" ba "actuellement" ba ne, ma'anarsa a gaskiya. "Library" ɗakin karatu ne inda ake aron littafi, "librairie" kuwa kantin saida littafi. "To attend" halarta ne, "attendre" jira. In kuka ga dukanku kun yarda da wata amsa cikin sauri don ta yi kama da Faransanci, to ita ce za ku fi bincika.

In an kasa daidaitawa

Kada ku kwana a tambaya ɗaya. Minti goma in ba a rabu ba, a sa mata alamar tambaya a wuce. A ƙarshe za ku samu kashi uku: waɗanda layi ya tabbatar, waɗanda layi ya kashe, da waɗanda ke rataye. Na ukun nan ku kai ma malaminku a rubuce, da amsoshin biyu da hujjar kowace: "Mushe, ni na ce kaza saboda layi na sha biyu, ita ta ce kaza saboda layi na ashirin." Ba malamin kirki da zai ƙi irin wannan tambaya. Kuma ku sani a tambayar bayani ko ta ba rubutu take, amsa fiye da ɗaya na iya zama daidai, masu gyara ma'ana suke nema, ba sai kalmominka sun zama irin na maƙwabcinka ba.

Sai korijen, wato takardar amsoshi, da ke yawo a WhatsApp awa ɗaya bayan fita, hoton takarda da rubutun hannu ba suna ba komi. Ba ka san wanda ya rubuta ba, wataƙila ɗalibi ne irinka. Ku ɗauke shi kamar mutum na shida a zaman, shi ma a ce mishi nuna layin. Wanda kuma ake turowa kafin jarrabawa wai tambayoyin gobe ne, ko buɗe shi kada ka yi.

Lissafin maki

Kowa ya yi nasa shi kaɗai, ba a karanta na wani a bainar jama'a. Ka bi makin da aka rubuta gaban kowace tambaya ka fitar da lamba biyu, ta ƙasa wadda ka ƙirga tabbatattu kawai, da ta sama wadda ka haɗa da masu rataye. Gaskiya tana tsakani. Sannan ka auna abin da ma'auninsa, don yara na ɗaukar tambaya ɗaya kamar ita ce duniya. Misali, mu ce koyefisiyan ɗin takardar, wato lambar da ake ninka makinta da ita, 2 ne, na jarrabawar duka in an haɗa 20, ka rasa maki ɗaya. An ninka shi biyu, an raba da 20, abin da ya fita daga mwayen ɗinka, wato matsakaicin makinka, 0,1 ne. Wanda ke neman 10 bisa 20 ba wannan ne zai kada shi ba sai in da ma a bakin gaɓa yake. Abin da yarinyar nan ta rasa a lissafi saboda kuka ya ninka haka sau da yawa, kuma a kan tambayar da ta ci.

Masu bak, jarrabawar gama lise, in lissafinka ya nuna kana kusa da 10 amma ba ka da tabbas, kada ka ajiye kaye ka tafi hutu Mirriya ko Magarya, ka ci gaba da bita don zagaye na biyu tun kafin a kafe sakamako, ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da za ka tashi da shi

Gaban kowace tambaya da ka faɗi ka rubuta dalili da kalma ɗaya ko biyu: ban san kalmar ba, ban karanta umarni ba, gaggawa, na sake amsa mai kyau, lokaci ya ƙare. In ka yi haka a jarrabawa uku a jere za ka ga ciwonka da idonka, kuma kowane da maganinsa. Mai gaggawa ba ƙamus yake buƙata ba, mai ƙarancin kalmomi kuma ba faɗa zai gyara shi ba sai karatu, shafi ɗaya kullum, ko jarida ko littafin labari ko tsofaffin takardun jarrabawa.

Ka ware kaye ɗaya na kalmomi. Kowace sabuwar kalma ka rubuta ta da jimlar da ka same ta ciki, ma'anarta da Hausa, makwafi ɗaya, kishiya ɗaya, sannan jimla taka ta kanka a kan abin da ka sani, unguwarku, Birni ko Zango ko Garin Malam, ko sana'ar babanka. Kalma biyar da ka yi ma haka sun fi hamsin da ka jera ka haddace. Ka waiwaye su gobe, da bayan sati, da bayan wata, in kun sake haɗuwa ku fara da tambayar juna na wancan zama.

Wani abu ga manya, ƴan Jami'ar André Salifou da masu neman karatu waje da ke zama TCF ko TOEFL ko IELTS, jarrabawoyin auna iya Faransanci ko Ingilishi: waɗannan ba a fita da tambayoyinsu, kuma dokarsu ta hana yaɗa abin da ke ciki, ana iya soke sakamakon mutum a kan haka. Duk abin da na faɗa a sama ku yi shi da takardun gwaji lokacin shiri, ranar jarrabawar gaske in kun fito ku gaisa ku hau kabu-kabu.

A kowane zama kuma akwai wanda takardarsa za ta yi ja fiye da ta kowa, za ka ga ya yi shiru ya fara naɗe buruyonsa ƙanana-ƙanana. Ku lura da shi. Ku ba shi karatun rubutu na gaba, ko ku ce shi zai riƙe ƙamus, in kun tashi wani ya taka mishi har bakin titi, a gaya mishi ranar zama na gaba da ƙarfe nawa ne, kuma ranar in bai zo ba a je gida a kira shi.